Filin Tambaya da Amsa: Naɗin Mariƙin Baka da Adonsa

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka nufa, wato tsakiyar baka inda hannu ke kamawa. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu fili. Kalmomi biyu za su yi ta dawowa, gara mu daidaita a kansu tun yanzu: bayan baka shi ne gefen da ke kallon abin da ake hari, cikin baka kuwa shi ne gefen da ke kallon maharbi, inda tsirkiya take.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama sassaƙa bakana na farko, na ɗaura masa tsirkiya, har ya fara harbi. Yanzu zan naɗe mariƙin ne, ko da sauran aiki? Kuma daga ina zuwa ina ake naɗewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, Malam, amma ka ɗan dakata da fatar tukuna. Naɗi shi ne aikin ƙarshe. Ka fara harba kibiya ɗari ko ɗari biyu da bakan yana tsirara. Sabon itace yakan sauya hali a harbin farko-farko: reshe ɗaya, wato ɓangaren baka na sama ko na ƙasa da mariƙi, ya saki fiye da ɗan'uwansa, ko wani wuri kusa da mariƙi ya nuna tauri har sai an ƙara kankare shi. Wani lokaci ma sai an juya bakan gaba ɗaya, sama ya koma ƙasa, domin an fi so reshen da ya ɗan fi ƙarfi ya kasance a ƙasa. In ka riga ka manne fata, kowanne daga cikin gyare-gyaren nan sai ka yage ta.

Ga yadda za ka samu wurin. Ka auna daga tsagar tsirkiya ta sama zuwa ta ƙasa, ka raba biyu, ka sa alama da fensir. Mariƙin yawancin mutane santimita 10 ne, mai babban hannu ya kai 11 ko 12. Ba a raba shi daidai a kan alamar tsakiya. Santimita 2.5 ne sama da alamar, 7.5 ƙasa da ita. Dalili kuwa, hannu da kibiya duk tsakiyar suke so, ba kuma za su zauna wuri ɗaya ba, shi ya sa ake yi musu sulhu: kibiya ta bi ta ɗan sama da tsakiya, ƙarfin tafin hannu ya faɗa ɗan ƙasa da ita. Wannan awo mafari ne kawai. Bayan mako guda kana harbi, ka dubi itacen: gumin hannunka zai bar shaida, wani duhu-duhu mai siffar gindin babban yatsa a cikin baka, da layukan yatsu a bayansa. Inda shaidar nan ta zauna, nan ne mariƙinka na gaskiya.

Kafin fata ta hau, ka goge wurin da sanfefa mai lamba 120, sannan 220, ka kashe duk wani kaifin gefe. Ka kuma tuna cewa fata tana ƙara kauri fiye da yadda ido ke zato. Fata mai kaurin milimita 1 tana ƙara wa kewayen mariƙi sama da milimita 6. In itacen ya riga ya cika maka hannu, da fata zai yi maka yawa. Kewayen santimita 10 zuwa 11 kafin naɗi yana yi wa yawancin hannuwa daidai. Sai ka rufe itacen da shalak, wato wani irin banish, shafi biyu marasa kauri, don gumi da damshi kada su shiga ta ƙarƙashin fata su zauna. Kada ka shafa mai ko kakin zuma a wurin, gam ba ya kama itacen da ya sha mai.

Tambaya: Shin dole ne a naɗe mariƙi? Wani ya ce mini bakan da ba naɗi bai kammala ba.

Amsa: Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982, an kuma samu dogayen bakunkuna sama da 130 lafiyayyu a cikinsa, na mayaƙa na gaske, ba a ga alamar naɗin mariƙi a jikinsu ba. Amfanin naɗi uku ne: ya hana santsi in hannu ya yi gumi, ya nuna wa hannu wuri ɗaya kullum ko da ba a duba ba, ya ɗan rage girgizar da ke dukan hannu bayan sakin kibiya. Na tsakiyan nan ne ya fi muhimmanci a ganinmu. In bakanka bai dame ka da ko ɗaya ba, zagaye biyar na zare a iyakar saman hannu ya wadatar.

Tambaya: Wace irin fata ce ta dace, kuma yaya ake ɗinke ta ta kama itace tam ba tare da ta yi tattara ba?

Amsa: Malam, ka nemi fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa, irin jimar bagaruwa da ɓawon bishiya, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Ta akuya da ta barewa da ta maraƙi duk suna yi. Wannan jimar ce in ta jiƙe take miƙewa ta bi siffar abin da aka ɗora ta a kai, in ta bushe ta tsuke ta riƙe siffar. Fatar jimar kamfani da ake yi da gishirin kurom, irin ta kujerun mota da yawancin jakunkuna, laushi gare ta amma ba ta da wannan hali. Gane su ba wuya: ka yanka gefe ka duba, in tsakiyar yankan ya yi toka-toka mai ratsin shuɗi, ta kurom ce. Ka yanko daga gadon bayan fatar, kusa da layin ƙashin baya. Ta wajen ciki saki gare ta, bayan wata biyu za ka ji tana juyawa a hannunka.

Tattarar da kake tsoro daga yanka take farawa. Mariƙi ba gora ba ne da kaurinsa yake ɗaya daga sama har ƙasa, don haka fata mai kusurwa huɗu daidai ba za ta kwanta ba. Ka naɗe wurin da takarda, ka bi ta da salatif zagaye biyu, ka ja layi a inda ɗinki zai bi, ka tsaga da reza a hankali kana ɗaga takardar don kada kaifi ya taɓa itace. Abin da ka ɓare, shi ne ma'auninka. Ka shimfiɗa shi kan fata ka yanka, amma ka rage faɗin da milimita 2 zuwa 3. Giɓin nan shi ne sirrin aikin, zare ne zai ja bakunan biyu su haɗu, jan nan kuma shi ke sa fata ta kama. In ka yanka daidai wa daida, ɗinki zai rufe amma ba abin da ya matse.

Ɗinkin ya bi ta bayan baka, inda kan yatsu ke kwanciya. Kada ya bi ta ciki, nan ne gindin babban yatsa ke tura nauyin baka duka, kwana biyu zai yi maka kanta ko bororo. Kada kuma ya bi ta gefen da kibiya ke wucewa.

Ka huda ramuka da basilla, milimita 4 daga baki, milimita 5 tsakanin rami da rami. A mariƙin santimita 10 za ka samu kamar ashirin kowane gefe. Ka ƙirga su, lallai adadin ya zo ɗaya, in ba haka ba ɗinkin zai karkace ya bar maka kunne a ƙarshe. Bakin sama da na ƙasa kuma ka fefe su ta ciki da aska mai kaifi, faɗin milimita 5, su yi siriri su kwanta a jikin itace maimakon su tsaya kamar matakala.

Zare mita ɗaya ya isa, mai ƙarfi, wanda aka murza da kakin zuma, da allura biyu marasa tsini, ɗaya a kowane kai. Ka jiƙa fatar da soso har ta yi duhu, ka jira minti goma zuwa sha biyar ta fara komawa launinta, ta yi sanyi a hannu amma ba ta ɗiga. Ka shafa farin gam na kafintoci kaɗan a jikin itacen. Gam ɗin masu gyaran takalmi yana da ƙarfi, sai dai da ya taɓa ya kama ke nan, ba ya ba ka damar gyara zama. Ka zura zaren ta ramuka biyu na farko a sama, ka daidaita tsawonsa. Daga nan allurar dama ta shiga ta giɓin, ta bi ƙarƙashin bakin hagu, ta fito ta rami na gaba. Ta hagu ita ma ta yi haka a ɓangaren dama. Kullum ka fara da allura guda, shi zai sa ɗinkin ya fito jere kamar ƙayar kifi. Kada ka ja da ƙarfi tun yanzu. Ka kai ƙasa a sake, sannan ka dawo sama ka riƙa tsuke ɗinki ɗaya-ɗaya da bakin basilla, kamar mai ɗaure igiyar takalmi, sau biyu ko uku har giɓin ya rufe. Jiƙaƙƙiyar fata in aka ɗora wa rami ɗaya duk ƙarfin, yagewa take yi. A ƙarshe ka ƙulle, ka tura kan zaren ƙarƙashin fata.

Ka bar shi a inuwa awa 24. Rana ko wuta suna busar da fata ta yi tauri ta tsage, zafin kuma ba alheri ba ne ga itacen. Wani ƙaramin abu: kada ka bar allura ko wani ƙarfe kwance a kan jiƙaƙƙiyar fatar nan, zai bar baƙin tabo da ba ya fita.

Tambaya: Ni ban iya ɗinki ba, sai na yanka doguwar fata na naɗa ta zagaye-zagaye. Sau biyu tana warwarewa daga sama. Ina kuskuren?

Amsa: Kusan kullum kuskuren a kawuna biyun yake. In ka fara da kai mai yankan tsaye, zagayen farko zai tashi da ƙusumbi, yatsa ya riƙa tura shi har ya ɗago. Ka yanke kan fatar a karkace, tsawon karkatar ya kai kewayen mariƙi, wato kamar santimita 11, ya ƙare da tsini. Haka zagayen farko zai zauna a miƙe. Ka fara daga ƙasa ka hau sama, kowane zagaye ya hau kan na ƙasansa da milimita 5, kamar jerin kwanon rufi, don ruwa da gumi su gangara ta kai maimakon su shiga ƙarƙashi. Gefen da za a hau ka fefe shi, in ba haka ba mariƙin zai yi tudu-tudu.

Lissafin tsawo: fata mai faɗin santimita 2, in ka cire hawan, kowane zagaye yana ci gaba da santimita 1.5. Mariƙin santimita 10 zai ci zagaye bakwai, wato kusan santimita 77. Ka yanko mita ɗaya don kawuna da wurin kamawa. Gam a ƙarƙashi duka, ba a kawuna kaɗai ba, sannan ka ɗaure sama da ƙasa da zare, faɗin santimita ɗaya.

In ma igiya za ka yi amfani da ita a maimakon fata, ta rama ko ta auduga mai kaurin milimita 2 tana cin zagaye 50, mita 5.5 ke nan, ka tanadi 7. Ba a ƙulla ta. A farko ka kwantar da kan igiyar a jikin itace ka naɗe a kansa. Saura zagaye takwas ka gama, ka kwantar da wani zare mai ƙarfi da ka ninka biyu, madaukinsa na kallon inda za ka ƙare, ka ci gaba da naɗi a kansa. Da ka gama, ka zura kan igiyar a madaukin, ka ja zaren ta baya, kan ya shige ƙarƙashin naɗi ya ɓace. Ka yanke abin da ya leƙo, ka shafe duka da farin gam da aka tsinka da ruwa, kashi ɗaya gam, kashi ɗaya ruwa.

Tambaya: Mariƙin bakana siriri ne, sai na manna guntun katako a cikinsa don ya cika hannu. Da na ja shi sosai, sai na ji ƙas, katakon ya ɓalle. Gam ne ba shi da kyau?

Amsa: Ba laifin gam ba ne, Malam. Bakanka irin wanda ke lanƙwasa har ta tsakiya ne, katakon da ka manna kuwa ba ya lanƙwasa. Duk ja ɗaya, bakan na ƙoƙarin zamewa daga ƙarƙashinsa, ƙarfin kuma a bakin katakon yake taruwa, ko wane gam ka sa wata rana zai saki. Katako yana zama ne a kan mariƙin da tun asali aka bar shi da kauri har ba ya motsi, aka kuma sassaƙe kawunansa suka gangara a hankali cikin rassan.

Abin da ya dace da naka shi ne abin da zai lanƙwasa tare da shi. Ka yanka fata mai kauri, milimita 3, falle biyu ko uku, kowane falle ya fi na ƙarƙashinsa gajarta: santimita 10, sai 8, sai 6. Ka manne su a jere da gam ɗin takalmi, wanda ko ya bushe yana da danƙo, ka sassaƙe da aska su zama tudu mai santsi, ka goge da sanfefa, sannan ka rufe da fatar naɗi. Kafin haka ka duba inda katakon ya ɓalle da kyau, ko ya tafi da zaren itacen baka.

Tambaya: Kafin in naɗe mariƙi kibau suna tafiya daidai. Bayan naɗi duk hagu suke yi, kuma gashin kibiya na yanka mini hannu.

Amsa: Mun ɗauka da hagu kake riƙe baka, kana ja da yatsun dama, kibiya na bin gefen hagu. In haka ne, fatar ce ta hau har inda kibiya ke wucewa ta ƙara wa gefen kauri, sai bakin kibiya ya ƙara kallon hagu tun kafin a sake ta. Milimita biyu a nan, a nisan taku ashirin abu ne da ido zai gani. Wanda ke ja da babban yatsa, kibiyarsa na bin dama, shi kuma dama za ta yi masa. Ka yanke naɗin ya tsaya daidai ƙarƙashin hanyar kibiya. Don kada kibiya ta ci itacen, ka manna ɗan falle siriri a wurin, fata ko ƙaho ko ƙashi, faɗin farcen babban yatsa, kaurinsa kada ya wuce milimita 1. In har yanzu da saura, ka ƙara murɗa tsirkiya ta ɗan gajarta, tazararta da mariƙi ta ƙaru da 'yan milimitoci. Dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kimanin santimita 15, shi ne awon da aka saba farawa da shi a dogon baka.

Yankan hannu kuwa kada ka yi wasa da shi, ƙashin gashin tsuntsu yana iya shigewa cikin nama. Ka ɗaga inda gindin kibiya ke zama a tsirkiya da milimita 3 zuwa 6 sama da inda kibiyar ke kwanciya sambal ba karkata, ka ɗaure zare a wurin ya zama alama. Ka kuma naɗe gaban kowane gashi da siririn zare, ka ɗiga masa gam.

In kana so kibiya ta daina hawa hannunka sam, ka yi mata mazauni: fata mai kauri falle uku a manne, a sassaƙa kamar ɗan tsani mai gangara, ya fito milimita 6 zuwa 8 daga jikin baka, samansa a ɗan kumbure don kibiya ta taɓa wuri ɗaya tak. Ka ɗiga masa sufa gulu ya yi tauri, wutsiyarsa ta shige ƙarƙashin naɗi. Kada ka yanke itacen don ka yi wa kibiya gurbi a siririn mariƙi.

Tambaya: Ina so in zana sunana da wuƙa a bayan baka, in kuma yi zane da ƙarfe mai zafi a rassan, in rataya duwatsun ado a kawunan. Mijina ya ce zan lalata shi. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, a wannan karon maigida ya yi gaskiya, kuma muna roƙonki kada wuƙa ko wuta su taɓa bayan bakan nan. In aka ja baka, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya matse. Zaren itacen da ke baya kamar silin igiya suke, kowanne na ɗauke da rabonsa daga kai har kai. Shi ya sa masu sassaƙa ke wahalar bin shekara ɗaya ta itace, wato falle ɗaya cikin waɗanda itace ke ƙarawa duk shekara, a bayan baka ba tare da sun keta ta ba. Layin wuƙa ɗaya da ya gitta ya tsinke silin da ke sama, waɗanda suka fi kowa ɗaukar nauyi, kuma daga nan tsaga ke tashi. Ƙuna ma haka, itacen da ya ƙone gautsi gare shi. Baka in zai karye, a cikakken ja yake karyewa, kusa da fuska.

Amma wurin ado bai ƙare ba. Fatar mariƙin kanta fili ce: tun tana da damshi, kafin ki ɗora ta, ki danna mata zane da bakin ƙashi ko hatimin dukanci, in ta bushe zanen ya zauna. Sama da ƙasan naɗi ki yi ɗamarar zare mai launi, siliki ko auduga, faɗin santimita 1 zuwa 2, ki ɓoye kawunan da dabarar madaukin da muka bayyana a sama. Launi biyu ko uku sun isa, mai duhu a gefe, mai haske a tsakiya. In mariƙin mai kauri ne da ba ya lanƙwasa, ana iya dasa ɗan ƙaho ko ƙashi a gefensa, zurfin kada ya wuce milimita 2, kuma nesa da wuyan mariƙi, wato inda kauri ke gangarawa ya shiga reshe. Wuyan nan yana cikin wuraren da suka fi shan wahala a baka.

A kan rassa, fenti ne abokin tafiya. Ki yi amfani da fentin akirilik shafi siriri, ko jar ƙasa da baƙin hayaƙin fitila a dama da gam ɗin fata, wato gam da ake dafawa daga fatar dabba. Gam ɗin fata kashi ɗaya ne busasshe, kashi biyu ruwa, a jiƙa ya kumbura, a ɗumama shi wajen digiri 60, kada ya tafasa don tafasa na kashe ƙarfinsa. Fenti mai kauri ba ya jure lanƙwasa, zai yi ta tsagewa yana zuba. In ya bushe a bi shi da shalak ko banish shafi biyu zuwa uku. Suna kuma da tawada ake rubuta shi, a cikin reshen ƙasa dab da mariƙi, tare da ƙarfin bakan, misali kilo 20 a jan santimita 71, wanda ya yi daidai da kusan fam 45 a inci 28. Wannan rubutu yana hana wani ya ara ya ja shi fiye da ƙima.

Ki dubi manyan masu wannan sana'a. Bakan Japan ya haura mita biyu, mariƙinsa na wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, ana naɗe shi da fatar barewa, a samansa kuma a naɗa tsagaggen kwagiri a inda kibiya ke goga. Mutanen Koriya suna rufe jijiyar da ke bayan bakansu na ƙaho da ɓawon itace siriri don damshi kada ya narkar da gam. Turkawan Daular Usmaniyya sun yi zanen furanni da ruwan zinare a kan rufin bakansu. Duk a saman rufi adon yake zaune, kuma yawancinsa yana da aikin da yake yi bayan kyau.

Duwatsun ado a kawuna kuwa, a'a. Kan reshe shi ya fi ko'ina tafiya mai nisa da sauri in an saki tsirkiya. Duk nauyin da aka rataya masa sai baka ya kashe ƙarfi wajen jefa shi gaba, kibiya ta rasa gudu, hannu ya sha girgiza. Nauyin nan in a gindin mariƙi yake, inda kusan ba motsi, ba ya cin komai. Ki rataya tuntunki ko duwatsunki a ƙasan naɗi, gajere, yadda tsirkiya ba za ta kama shi ba.

Tambaya: Na rina fatar baƙa, yanzu duk harbi sai tafina ya yi baƙi.

Amsa: Rinin ya yi yawa ya zauna a sama bai shiga ba. Ka goge da busasshen tsumma har ya daina fitowa, ka bar shi kwana ɗaya, ka shafa kakin zuma kaɗan ka murza. Kaɗan muka ce, in ya yi yawa santsi zai kawo. A gaba, in baƙi kake so a fatar jimar itatuwa, ka jiƙa soson ƙarfe a binega cikin kwalba mako ɗaya zuwa biyu, murfin a sake domin yana fitar da iska. Ka tace, ka shafa. Ƙarfen ne ke haɗuwa da sinadarin jima, fatar da kanta ta koma baƙa har ciki, ba abin da zai zuba a hannu. Ka ɗauraye da ruwan da aka sa ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a rabin lita, ka sake ɗaurayewa da ruwa zalla, in ta sha iska ka ɗan shafa mata mai. Duk wannan kafin ta hau baka. Mai yawan gumin hannu kuma ya juya fatar, gefen nama ya kalli waje, ya fi kamu.

Tambaya: Ɗanyar fata da ba a jeme ba fa?

Amsa: Tana yi, kuma ba abin da ya kai ta matsewa. A jiƙa ta ta kwana, a naɗa ba tare da ja sosai ba don da kanta za ta tsuke, a ba ta kwana biyu ta bushe. Aibinta biyu: tana bushewa da tauri kamar ƙaho, gefenta na iya yanka hannu sai an goge, kuma ruwa na mayar da ita ɗanya. Sai an rufe ta da banish sosai.

Tambaya: Wani ɗan sili ya ɗago a bayan bakana, tazarar tafin hannu daga mariƙi. In na naɗe wurin da zare mai kyau, ya zama ado kuma ya zama gyara?

Amsa: Ya danganta da abin da ka gani, Malam, don haka ka sauke tsirkiya yanzu, ka kai shi haske ka duba. In sili ne siriri da ya tashi a tsaye yana bin zaren itace, bai fi kaurin farce ba, ana ceto shi. Ka ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a ƙarƙashinsa, ka danne har ya kama, ka goge kaɗan, sannan ka naɗe da jijiya da gam ɗin fata ko zare mai ƙarfi, zagaye na manne da zagaye, ka wuce kowane kan silin da santimita 2 zuwa 3. Ka shayar da naɗin gam, in jijiya ce ka ba ta mako guda. In kana son ido ya daidaita, ka yi irinsa a ɗaya reshen. Gwajin farko kada ya zama a hannunka. Ka kafa bakan a jikin ginshiƙi, ka ja da doguwar igiya kana nesa, kana ƙara santimita biyar-biyar, sau ashirin a kowane mataki, kana saurare. In ka ji ƙas ko sau ɗaya, ka tsaya.

In kuwa tsagar gitta bayan ta yi, daga gefe zuwa gefe, zare ba zai riƙe ta ba, ɓoye ta kawai zai yi, ka ajiye bakan nan ka daina ja. Haka kuma in a cikin baka ka ga wasu siraran layuka a karkace kamar gashi, waɗanda farce ke ji in ya bi ta kansu, wannan itace ne ya murƙushe don wurin yana lanƙwasa fiye da maƙwabtansa. Naɗi ba ya maganinsa. Sai dai ka bar wurin kada ka taɓa, ka kankare sauran reshen da ɗaya reshen har lanƙwasar ta bazu, ka yarda ƙarfin bakan ya ragu da kilo biyu ko uku, sannan ka gyara adadin da ka rubuta a reshen ƙasa.